Kilomita Ɗari Biyar a Kan Zanzaro

Injiniya ya tura ƙofar gareji da ƙafa saboda hannuwansa duka biyu suna riƙe da kaya, sai ya tsaya cak. Inda ya saba kafe babur ɗinsa babu komai sai sawun taya a siminti. Can jikin bango kuma ga jan babur ɗin ƙaninsa, makulli a jiki, an ɗora hular kwano a kan tanki kamar an ajiye wa baƙo abinci.

Ya sauke akwatin kayan aiki, ya zaro waya. Akwai saƙon murya daga Auta, tun ƙarfe biyar da rabi na safe.

"Yaya, don Allah kar ka ji haushi, na ari Giwa kwana biyu kacal. Za mu je bakin tafki da 'yan ƙungiyarmu, ita kuma mutuniyar ta rantse ba za ta ƙara zama a bayan nawa ba. Ga Zanzaro nan na bar maka, har tanki na cika. Ka ɗan ji daɗin duniya, tsoho."

Har da dariya a ƙarshe. Injiniya ya kira shi sau huɗu, wayar a kashe.

Giwa shi ne sunan da 'yan gidan suka raɗa wa babban babur ɗinsa na tafiyar nesa. Kujerarsa faffaɗa ce kamar ta falo, mutum yana zaune a miƙe, ga gilashin tare iska, ga tankin da ke kai shi rabin ƙasa bai nemi gidan mai ba. Akwatuna uku ne a jiki, ya shimfiɗa musu soso, ya yanka wa kowane ƙarfe gurbinsa. Zanzaro kuwa don tsere aka ƙera shi. Ƙugu siriri, kai a ƙasa, gindi a sama, kujera kamar tafin hannu, babu ko inda za ka rataya leda.

Aikin Injiniya gyaran na'urorin asibiti ne. Jiya da rana babbar nas ta wani asibitin haihuwa mai nisan kilomita ɗari biyar ta kira shi, ta ce na'urar da ke tace musu iskar numfashi ta tsaya, suna da bakwaini shida a kwalba, sun koma amfani da tukwanen iska na ajiya. Sun nema a maƙwabta ba su samu ƙari ba, kuma abin da ya rage ba zai wuce ƙarfe ukun yau ba. Sai da yamma liƙis ya samo madadin bawul ɗin da ya lalace, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya, a wurin dillali. Ya lissafa cewa in ya tashi bakwai, Giwa za ta kai shi kafin biyu. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, in ta tashi kuma sai ta tsaya a kowane ƙauye. Wannan ba ma abin tunani ba ne.

Ya zagaya sashen mahaifiyarsu, inda Auta yake zaune har yanzu duk da ya haura talatin. Ya same ta tana shan shayi. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, sannan ya tambayi ɗayan makullin Giwa da ya ba ta ajiya. Ba ta ɓoye ba. Ta ce ita ta ba Auta, ya yi ta magiya tun jiya, ga shi kuma ya bar nasa a madadi.

"Ai na ga duk babur babur ne," ta ce.

Ya so ya ce mata tun suna yara haka ake yi, kekensa, agogonsa, takalmin da ya saya da albashinsa na farko, duk Auta ya ara, duk an ce ya yi haƙuri shi ne babba. Ya haɗiye. Ya ce mata kawai akwai jarirai shida da ke jiransa. Ta ajiye kofin, fuskarta ta canja, ta ce ita ba ta sani ba. Ya ce ya sani ba ta sani ba, ai ba a tambaye shi ba ne. Ya miƙe ya fita.

Matarsa ta same shi a gareji yana kwashe ƙarafa daga akwati yana cusawa a jakar goyo. Ta riga ta shirya za ta tafi makarantar da take koyarwa. Ta dubi jakar, ta dubi jan babur ɗin.

"Ba dai wannan za ka hau ba."

"To me zan hau?"

"Wata huɗu ina juya ka a kan gado, Baban yara. Ka ɗora hannunka a kan nawa ka ce ka bar irinsu har abada."

Shekara tara ke nan. A lokacin shi ma irin wannan babur ɗin gare shi, baƙi, kuma babu wanda ke shan gabansa a titi, har ranar da ya kwanta a wata kwana. Har yau akwai ƙarfe a ƙugunsa. Ya gaya mata bai manta ba, ya gaya mata zancen tukwanen iska da ƙarfe uku. Daga nan ta karɓi bawul ɗin daga hannunsa, ta shiga ciki, ta naɗo shi a tawul, ta saka a tsakiyar jakar da kanta, ta ja zif. Ba ta yi masa sallama ba. Ta ɗauki jakarta ta fice.

Sau biyu babur ɗin yana mutuwa kafin ya fita ƙofar gida. Kulocin ba ya jira, da ka saki kaɗan sai ya zabura. Mai shagon kan layi ya ɗaga masa hannu yana dariya, yana tambaya ko an koma samartaka ne. Injiniya ya ja gilashin hular ya rufe fuska.

Cikin gari ma kaɗai ya ishe shi. A kan Zanzaro ba zama ake yi ba, rusunawa ake yi. Gwiwoyinsa sun naɗe har kusa da ƙirji, nauyin jikinsa duka ya sauka a wuyan hannu, kuma don ya ga gabansa dole ya ɗaga kai kamar kunkuru. Jakar ƙarafan ta kwanta masa daidai inda aka yi masa aiki. Zafin inji yana gasa masa cinya a kowace danja. Duk ramin da Giwa ke haɗiyewa ba tare da ya sani ba, wannan sai ya miƙo masa shi kai tsaye har ƙeya.

Ya fita gari yana zagin Auta a cikin hula. Ya tsara abin da zai gaya masa, ya rushe, ya sake tsarawa da kalmomin da suka fi zafi. Mutum ɗan shekara talatin da ɗaya, mai gemu, yana sayar da wayoyi a shago mai sanyi, bai taɓa tambayar kansa me ya sa yayansa yake hawa wannan ƙaton abu ba. A wurinsa Giwa kujera ce mai laushi da budurwa za ta ɗauki hoto a kai.

Bai cika awa biyu ba fitilar mai ta kama. Ya shiga gidan mai, ya yi yunƙurin sauka, ƙafarsa ta dama ta ƙi. Sai da ya dafa famfo. Mai zuba man, wani dattijo mai tabarau, ya zagaya babur ɗin yana yabawa, ya ce irin wannan ai sai yara, amma Alhamdulillahi tunda jiki ya ba da dama. Injiniya ya ce masa ya zuba mai kawai. Ya sake kiran Auta. A kashe. Saƙon nas ɗin ya shigo, ta ce saura tukunya huɗu.

Bayan gidan man hanya ta miƙe sambal, kwalta sabuwa, babu mota sai jefi-jefi. Ya ɗan ƙara murɗa totur don ya rama lokacin da ya ɓata, sai ya ji abin da ya shekara tara yana ƙoƙarin mantawa. Iska ta shiga ƙarƙashin ƙirjinsa ta ɗago shi, nauyin ya bar wuyan hannunsa. Haka irin waɗannan baburan suke, a hankali suna azabtar da kai, sai ka yi gudu suke sakar maka jiki. Ya ƙara. Ciwon ya ragu. Ya ƙara. Kukan injin ya tashi ya zama siriri, bishiyoyi suka fara haɗewa da juna. Ya wuce tirela biyu kamar a tsaye suke. Ya ƙi duban allon gudu da gangan. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya kama kansa yana murmushi.

A wata gangara mai kwana ya tarar da motar itace ta lalace ta tare rabin hanya, ga bas na tahowa a ɗaya hannun. Bai yi tunani ba, yatsunsa ne suka yi. Ya damƙe birki, gaban babur ɗin ya nutse, tayar baya ta ɗaga, jakar ta doke shi a ƙeya. Ya tsaya, tsakaninsa da ƙarfen bayan motar bai fi taku biyu ba. Bas ta wuce tana danna oda, wani fasinja ya leƙo ya aiko masa da zagi.

Ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Ya cire hula, ya duƙa. Ya san da Giwa ce da wannan gudun, da birkinta bai tsayar da ita ba. Ya kuma san da Giwa ce, da bai taɓa kai wannan gudun ba. Ya buɗe jaka, ya warware tawul, ya duba bawul ɗin. Lafiya lau. Ya naɗe shi yadda matarsa ta naɗe. Yanzu fushin ya rabu biyu, kuma rabin da ke kansa ya fi ciwo. Ya ɗauki dutse ya wurga cikin daji da iya ƙarfinsa, ƙugunsa ya amsa, ya yi tsaki ya koma kan babur.

Daga nan bai ƙara wuce gudun da ya saba yi a kan Giwa ba, ciwon kuwa ya dawo har da riba. Ya sake shan mai. Wuyansa ya sandare, yatsunsa uku na hannun dama suka mutu. Saura kilomita tamanin ya tarar ana gyaran gada, an karkatar da motoci ta wata hanyar tsakuwa. Tayoyin Zanzaro sumul suke, don kwalta aka yi su. Babur ɗin ya riƙa zamewa yana rawa kamar zai zubar da shi, ƙasan injin yana kartar duwatsu. Ya yi tafiyar da ƙafafu a ƙasa, a giya ta ɗaya, masu ƙananan babura ɗauke da buhuna suna wuce shi suna waiwaye. Kilomita ashirin suka ci masa kusan awa guda.

Ƙarfe biyu da rabi ya shiga ƙofar asibitin. Ya kafe babur ɗin a ƙarƙashin wata bishiya, ya zamo daga kai a hankali, ya kasa miƙewa sosai. A ranƙwafe ya nufi ɗakin jarirai. Wani mutum da ke safa da marwa a baranda, idonsa jajir, ya tare shi. Ya dubi jan babur ɗin, ya dubi Injiniya daga sama har ƙasa.

"Kai ne ake jira tun safe? 'Yata tana ciki tana neman numfashi, kai kana can kana wasan tsere?"

Injiniya ya buɗe baki. Duk maganar da ya tara wa Auta tun safe tana nan a kan harshensa, a shirye, ga kuma wanda zai sauke wa. Ya dubi hannun mutumin, yana riƙe da wata 'yar hular jariri da ba ta kai dunƙulen hannu ba. Ya ce masa ya yi haƙuri, ya ba shi hanya.

Babbar nas ta ja shi ɗakin na'ura da sauri, tana gaya masa saura rabin tukunya. Ya durƙusa gaban na'urar, ya kwance jaka, ya ɗauki sukudireba. Sukudireban ya suɓuce masa ya faɗi. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Yatsunsa sun ƙi rufuwa. Ya zuba musu ido kamar na wani ne.

Nas ɗin ba ta ɓata lokaci wajen jaje ba. Ta aika a kawo ruwan ɗumi a roba, ta kuma kira mai gyaran wutar asibitin, wani mutum mai furfura wanda bai taɓa buɗe irin wannan na'urar ba. Injiniya ya zauna a ƙasa, hannuwa biyu a cikin ruwa, yana ba da umarni. Wannan noti, ba wancan ba. A hankali. Riƙe bututun kar ya murɗe. Sau ɗaya ya daka wa mutumin tsawa da ya kusa juya bawul ɗin a baibai, mutumin ya ɗago ya dube shi, ya ce shi ba ɗansa ba ne. Injiniya ya ba shi haƙuri. Suka ci gaba. Da aka zo ɗaure na ƙarshe yatsunsa sun fara dawowa, ya karɓa ya ƙarasa da kansa.

Ya kunna. Na'urar ta yi tari, ta kama. Su uku suka tsura wa allurar ido tana hawa a hankali har ta shiga kore ta zauna. Nas ɗin ta fita da gudu-gudu ta je ta mayar da jariran kan bututun bango. Da ta dawo ta ce duka shidan suna lafiya. Ta dubi yadda yake zaune, ta ce ya zo a yi masa allurar kashe ciwo. Bai yi musu ba.

Yana kwance a kan benci a baranda, allurar ta fara aiki, wayarsa ta yi ƙara. Auta ne.

Muryarsa ba dariya yanzu. Ya ce sun isa lafiya, amma wajen juyawa a kan yashi Giwa ta rinjaye shi ta kwanta. Babu wanda ya ji ciwo. Madubi ɗaya ya karye, akwatin gefe ya tsage, sai da mutum huɗu suka taru kafin aka ɗaga ta. Ya ce shi bai san yadda Yaya yake fama da wannan dodon ba, kafaɗunsa duk sun yi tsami. Ya ce Mama ta kira shi tana faɗa, wai akwai zancen asibiti, shi wallahi bai sani ba. In Yaya ya yarda, gobe su haɗu a gida kowa ya karɓi nasa, madubin kuma zai gyara.

Injiniya ya bar shi har ya gama. Ya nemi jawabin da ya yi kilomita ɗari biyar yana shiryawa, ya ga ba ya bukatarsa.

"Giwa ta kwana a garejina yau," ya ce. "Ba gobe ba. Makullin kuma ka ba matata a hannu, ba Mama ba."

"Yaya, yanzu fa muka iso."

"Na ji. Naka kuma yana nan asibiti a ƙarƙashin bishiya. Zan bar makulli wurin maigadi, zan turo maka kwatance."

Auta ya tambaya ko wasa yake yi. Ya tambayi nisan wurin. Injiniya ya gaya masa, bai rage ko kilomita ɗaya ba. Ya ƙara da cewa akwai hanyar tsakuwa kusa da gada, ya bi a hankali. Auta ya fara cewa ai ba a taɓa yin irin wannan tafiyar a kan Zanzaro ba, bayan mutum zai karye.

"An yi yau," Injiniya ya ce, ya kashe wayar.

Bai daɗe ba Mama ta kira. Ta tambayi jariran, ya gaya mata. Ta yi hamdala, sannan ta sassauta murya ta ce ya tuna dai ƙaninsa ne. Ya ce ya tuna, shi ya sa ya bar babur ɗin a inuwa. Ta bar zancen.

Matarsa ba ta kira ba ko sau ɗaya. Ya rubuta mata cewa ya isa, an gyara, kuma ba a kan babur zai dawo ba. Ya tsaya yana duban saƙon. Ya ƙara da cewa akwai abin da ya faru a hanya da zai gaya mata in ya zo, kuma laifinsa ne. Ya tura kafin ya canja shawara. Amsarta kalma ɗaya ce: "To."

Nas ɗin ce ta gaya masa motar asibiti za ta tafi birnin da ya fito ɗauko magunguna, akwai wuri a gaba. Ya kai wa maigadi makulli da hular kwano, ya kwatanta masa mai zuwa ɗauka: dogo, mai gemu, mai yawan dariya, ko da yake wataƙila ranar ba zai yi ba. Mutumin nan na baranda yana zaune yanzu a bakin taga yana leƙen ɗakin jarirai. Da Injiniya ya zo wucewa ya miƙe tsaye, ya ɗauki jakar ƙarafan ya kai masa har mota.

Direban ya tayar da mota, suka nufi ƙofa. Daidai bishiyar ya rage gudu, ya leƙa ta taga yana kallon jan babur ɗin, duk ƙura amma yana sheƙi. Ya girgiza kai, ya ce wasu dai Allah ya ba su. Ya ce da shi ne da irin wannan, da tuni ya ajiye tuƙin mota, ya zagaye ƙasar nan kaf a kansa, ko gajiya ba zai yi ba.

Injiniya ya gyara zama.

"Akwai wani abu a motar nan da zan tokare bayana da shi?" ya ce.

Direban ya miƙo masa tsohuwar rigar sanyi daga bayan kujera. Ya naɗe ta, ya cusa a ƙugunsa, ya miƙe ƙafafunsa iya tsawonsu, ya rufe ido.